Manhajar bin sawun kaya: abin da manoman Tambuwal da Kebbe ya kamata su faɗa kafin a ƙera ta

Ɗan uwa manomi, ka san yadda abin yake. An gama lodi da la'asar, an ɗaure tamfol, direba ya ce "sai mun isa", mota ta hau kwalta ta nufi Jega. Daga nan kuma sai addu'a. Kwana biyu kana kira ana ce maka wayar a kashe take. Rana ta uku dillali ya bugo daga Legas ya ce kaya sun iso, amma buhu huɗu babu, shida kuma sun fara ruwa. A ina suka ɓace? A ina motar ta kwana? Ba ka da amsa, ba ka da shaida. Abin da aka ce an sayar shi za ka karɓa.

Wannan ramin ne masu ƙera manhajar bin sawun kaya ke cewa za su cike. Aikinsu na farko kuma, kafin su rubuta komai a kwamfuta, shi ne su zagaya su tambayi waɗanda za su yi amfani da abin me suke buƙata. Da yawanmu muna ɗaukar irin wannan zama a matsayin taron shan lemo da karɓar kuɗin mota. Kuskure ne. Tun ran gini ran zane: abin da ka faɗa a zaman nan shi za a ƙera, abin da ka yi shiru a kai kuma wani ne zai yanke maka shi daga ofis a Abuja ko Legas.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Dalili na farko kuɗin mota ne. Man dizal da tireloli ke sha ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, sannan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya taɓa ƙananan motoci da babura masu fito da kaya daga ƙauye. Da kuɗin ɗauka ya yi nauyi haka, kwana ɗaya da mota ta ɓata a hanya ya zama abin lissafi.

Na biyu hanyar ce kanta. Kwaltar da ta ratsa Tambuwal ita ce ke bi ta Jega, Koko, Yauri, Kontagora, Mokwa da Jebba har Ilori da Ibadan da Legas. Duk abin da ya faru a wani gaɓa nata, a aljihunka yake ƙarewa. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu na kusan mako guda. A Yunin wannan shekarar ƙungiyar masu noma da sayar da albasa ta ƙasa ita ma ta sanar da nata dakatarwar saboda asarar da 'ya'yanta suka yi. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta ci rayuka da dama, ta lalata hanya, motoci suka yi cirko-cirko. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, tambayar mai kaya ɗaya ce: ina motata take yanzu?

Na uku masu saye ne. Manyan kamfanonin casar shinkafa da masu fitar da kaya waje suna ƙara son sanin inda kowane buhu ya fito. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, irin wanda muke kira fiya-fiya, da aka samu a cikinsa. Laifin wasu ya shafi kowa, don ba a iya rarrabe buhun wanda ya kiyaye da na wanda ya yi ganganci. Ƙungiyar da ke iya nuna tarihin kayanta daga gona zuwa sito tana da abin da za ta yi ciniki da shi.

Darasin da muka riga muka biya kuɗinsa

Ba yau aka fara kawo mana tsarin waya ba. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, gwamnatin tarayya ta fito da shirin GES na tallafin taki. Tsarin shi ne a aiko maka da saƙo a waya, ka je cibiyar rabo, ka biya rabin kuɗi ka karɓi buhu biyu. Kamfanin Cellulant ne ya gina tsarin. Manoma da yawa sun amfana, wannan gaskiya ne. Amma waɗanda suka yi layi a lokacin sun san sauran labarin: wani ba shi da waya, wani lambar ɗansa ya bayar, wani layin ya ɓace, wani kuma saƙon bai shigo ba don ƙauyensu babu sabis. A cibiyar ma sai a wuni ana jiran netwok.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. An zo an gwada wani tsari mai suna TAP a jihar Sakkwato da Babban Birnin Tarayya, ƙarƙashin cibiyar IFDC da tallafin Birtaniya. Maimakon jiran saƙo, sai aka bai wa manomi kati, a ɗora shi a jikin na'ura ta karanta ko da babu sabis, daga baya in an samu netwok a tura bayanan. Ka ga ke nan sai da aka sha wahala kafin a gyara abin da kowane manomi a Kuchi ko Sanyinna zai iya faɗa cikin minti biyar da an tambaye shi tun farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada kuma mu manta da Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro. Duk tsarin da ba ya motsi sai da sabis, a irin wannan lokaci ya mutu.

Yadda abin yake aiki, a taƙaice

Don ka iya jayayya da su, ka san cewa hanyoyi uku ne ake bin sawun kaya. Ta farko, a maƙala wa mota wata 'yar na'ura mai GPS da layin waya a cikinta. Na'urar tana sanin inda take ta hanyar tauraron ɗan Adam ko babu sabis, amma ba za ta iya aiko maka da labarin ba sai ta shiga inda akwai netwok. Ta biyu, a yi amfani da babbar wayar direba. Wannan ta fi araha, sai dai in caji ya ƙare ko ya kashe ta, shi ke nan. Ta uku, mutane ne ke tabbatarwa a kowane zango: mai lodi ya danna lamba ya ce an loda, wakili a tasha ya ce ta wuce, mai karɓa ya ce ta iso. Kowace da kuɗinta da rauninta. In suka zo da ɗaya kawai suna yabonta, ka tambaye su raunin.

Abubuwan da za ka faɗa musu

Na ɗaya: buhu muke bi, ba mota kaɗai ba. Wanda ya tsara manhaja a birni yakan ɗauka mota ɗaya kayan mutum ɗaya ne. A nan tirela guda tana iya ɗaukar kayan mutum goma sha, kowa da alamar da ya yi wa buhunansa da fenti. Kuma kafin kaya su ga tirela sun riga sun hau jaki ko amalanke ko babur daga gona, sun hau ƙaramar mota zuwa kasuwa, sun kwana a wurin dillali. Yawancin rigima a wurin sauya hannu take tashi. Don haka ka ce kana son a rubuta kowane sauyin hannu: wa ya bayar, wa ya karɓa, buhu nawa, ƙarfe nawa. Taswira mai ɗigo yana tafiya abin sha'awa ce, amma ba ta gaya maka buhu nawa ke cikin motar.

Na biyu: buhu ba buhu ba ne. Akwai babba, akwai ƙarami, akwai wanda aka yi wa ƙari a baki aka ɗinke. Albasar da ta fito daga gona jiya da wadda ta yi wata uku a rudu ba iri ɗaya suke raguwa a hanya ba. Shinkafa mai ɗanshi tana rage nauyi in ta bushe. In manhajar kilo kawai ta sani, ko ƙidayar buhu kawai, to za ta mayar da raguwar da Allah Ya yi ta zama zargin sata a kan direba, ko ta rufa wa ɓarawo asiri. Ka ce a rubuta irin buhun, yawansa, nauyinsa in akwai sikeli, da hoton kayan a lokacin lodi. Sannan ku 'yan ƙungiya ku fara zama ku amince a tsakaninku: raguwa nawa ce ta al'ada, kuma wa ke ɗaukar abin da ya wuce haka? Wannan ba aikin mai kwamfuta ba ne, naku ne.

Na uku: ta yi aiki da ƙaramar waya, ta kuma yi haƙuri da rashin sabis. Ka faɗa musu gaskiyar irin wayar da ke aljihunka, kada kunya ta sa ka nuna ta ɗanka. Ka faɗi inda kake kai caji da nawa kake biya. Ka lissafa musu wuraren da sabis ke ɗaukewa tsakanin ƙauyenku da kwalta. Abin da za ka nema shi ne: a iya shigar da bayani babu netwok, ya tafi da kansa in an samu, mai ƙaramar waya ya samu saƙon tes ko kiran murya, kuma kowane lodi ya kasance da takarda mai lamba a hannu, yadda ko an rufe layuka gaba ɗaya aiki ba zai tsaya ba. Ka ƙara da tambayar abin da zai faru in layinka ya ɓace ko an toshe shi saboda rajistar NIN. Tarihin kayanka ya bi layin ke nan, ko akwai hanyar dawo da shi?

Na huɗu: harshe da sunayen wurare. Hausa ta zama ita ce ta farko, ba fassarar da aka liƙa daga baya ba. Akwai dattawa da yawa da ke karanta ajami sarai amma boko na ba su wuya. Saƙon murya ya fi musu. Akwai kuma abin da ba wanda zai lura da shi sai ɗan gida: Kebbe da Kebbi harafi ɗaya ne ya raba su. Ma'aikaci a Legas zai iya jefa ƙaramar hukumarmu cikin jihar maƙwabta ba tare da ya sani ba. Wani ya rubuta Tambuwal, wani Tambawal; wani Dogon Daji, wani Dogondaji. Ƙauyuka da yawa ma ba sa cikin taswirar waya. Ku ba su jerin sunayen garuruwa da kasuwanni da tashoshi yadda kuke kiran su, ku ce da shi za a yi aiki.

Na biyar, kuma wannan ya fi kowanne nauyi: wa zai ga inda motar take? Ƙauyukan Kebbe da na maƙwabtanta a iyakar Zamfara sun sha fama da 'yan bindiga, kuma kowa ya san rawar da masu kai musu rahoto ke takawa. Manhajar da ke nuna cewa mota kaza ta tashi ƙarfe kaza da kaya na kuɗi kaza, ko cewa an biya wane kuɗin shinkafarsa yau, in ta faɗa hannun da bai dace ba, makami ce. Ka ce ba ka yarda kowa a ƙungiya ya riƙa kallon motsin mota kai tsaye ba. Mai buhu biyar a cikin lodi ya ishe shi ya ji cewa an wuce Yauri, ko an isa. Ainihin wurin da mota take, mutum biyu ko uku amintattu kawai su gani, kuma tsarin ya riƙa ajiye sunan duk wanda ya duba. Saƙon kuɗi kada ya fito da adadi a fuskar waya inda kowa a majalisa zai iya leƙawa. Ran direba da yaron mota ne a kan layi, ba buhu kaɗai ba.

Na shida: kuɗin hanya. Kowane mai kaya ya san cewa bayan kuɗin mota akwai na shingaye da rasit-rasit iri-iri. Ka nemi a ba direba wurin shigar da abin da ya kashe da inda ya kashe shi. Amfanin biyu ne: rigimar lissafi tsakaninku za ta ragu, kuma bayan shekara ƙungiya za ta samu alƙaluman da za ta ajiye a gaban hukuma, maimakon koke na fatar baki.

Na bakwai: in an samu saɓani, wa ke raba gardama? Yau in kaya suka yi ƙasa, wurin shugaban dillalai ko sarkin kasuwa ko shugabannin tasha ake zuwa. Manhaja ba za ta maye gurbinsu ba. Abin da za ta yi shi ne ta ba su shaida. To ka tabbata ana iya fitar da tarihin lodi a takarda, da Hausa, yadda dattijo zai karanta ko a karanta masa ya yanke hukunci.

Su wa za a tambaya?

Nan ne ake yawan zamewa. Baƙi su zo, a tara shugaban ƙungiya da sakatare da matasa biyu masu jin Turanci, a cike takarda, a ɗauki hoto, a tafi. Waɗanda za su taɓa kayan da hannunsu ba a ji ta bakinsu ba.

Direba da yaron mota dole su zauna. In direba ya ɗauki na'urar a matsayin ɗan leƙen asirin da aka ɗora masa, zai san yadda zai yi wayar ta riƙa "lalacewa" kullum. In kuwa ya ga cewa ita ce za ta wanke shi ranar da mota ta lalace a daji, ta kuma sa a kawo masa ɗauki da wuri, shi zai fi kowa kula da ita. Haka dillali. Wasu na tallata irin wannan fasaha da cewa za ta kori 'yan tsakiya. Ka yi hattara da wannan magana. Dillalin nan shi ke ba ka bashin buhu, shi ke tsaya maka a garin da ba ka san kowa ba. Tsarin da aka gina don a kore shi, shi zai fara kashewa. Abin da muke nema a fili yake: la'adarsa ta fito sarari, lissafi ya daidaita.

Sai 'yan dako da masu ɗinkin buhu, waɗanda su ne ke ƙidaya ta gaskiya. Sai mata, masu turara shinkafa da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, waɗanda galibi ta hannun yaro ko miji kayansu ke zuwa kasuwa. Ba za su yi magana a taron maza ba. A tura musu mace ta same su a gida, a kuma tambaye su ko suna son saƙon ya zo wayarsu kai tsaye.

Tambayoyin da kai za ka yi musu

Kada zaman ya zama su kaɗai ke tambaya. Wa ya aiko ku, kuma wa ke biyan ku? In shiri ne na masu ba da tallafi, shekara nawa zai yi, kuma ranar da ya ƙare wa zai ci gaba da biyan data da gyaran na'ura? Nawa za a riƙa cira a kan kowane buhu ko kowane lodi? Bayanan da kuka tara, na wa ne? Za ku ba mai saye su? Wannan ta ƙarshe ba ƙaramar magana ba ce: kamfanin da ya san yawan albasar da ke rudun kowane ƙauye da ranar da za ta fito ya riga ya fi ka ƙarfi a wurin ciniki.

Doka tana bayanka a nan. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ce sai an gaya maka dalilin karɓar bayananka, kuma in da yardarka aka karɓa kana da ikon janye ta. Kada ka ba da lambar BVN ko lambar sirrin asusunka da sunan rajistar bin sawun kaya. Bin sawun buhu ba ya buƙatar su.

Abin da ƙungiya za ta fara tun yau

Ba sai kun jira baƙi ba. Ku sayi littafi mai layi, ku ba sakatare. Lodi goma masu zuwa, ku rubuta komai: ranar tashi, lambar mota, buhun kowa, kuɗin mota, kuɗin hanya, ranar isa, abin da aka karɓa, ranar da kuɗi ya shigo. Bayan lodi goma za ku ga da idonku inda ciwon yake. Wataƙila ku tarar ba ɓatan buhu ne babbar matsalarku ba, jinkirin biya ne. Wataƙila kuma asarar tana faruwa ne tsakanin gona da kasuwa, tun kafin a ga tirela. In haka ne, na'urar da za a maƙala wa tirela ba maganinku ba ce, ko da kyauta aka ba ku.

In masu manhajar sun zo, ku gayyace su ranar kasuwa, su tsaya a wurin lodi daga safe har yamma. Gani ya kori ji. Ku raba buƙatunku gida biyu: waɗanda in babu su ba za ku karɓa ba, da waɗanda in an samu madalla. Ku ce a karanta muku abin da suka rubuta da Hausa kafin su tafi, ku riƙe kwafi. In sun dawo da gwaji, kada a yi shi a sakatariya inda sabis ke cike. A kai shi ƙauyen da ya fi kowanne wahalar shiga, da damina, a hannun dattijon da ya fi kowa ƙin waya. In ya yi aiki a can, zai yi a ko'ina.

Manhaja ba za ta cike ramukan hanya ba, ba za ta kori ɗan bindiga ba, ba za ta hana albasa ruɓewa in mota ta kwana huɗu a rana ba. Abin da za ta iya shi ne ta sa ka san abin da ya faru, da wuri, da shaida. Ga wasu ƙungiyoyin ma littafin nan da zauren WhatsApp na mutum biyar ya wadatar, kuma babu laifi ku faɗa wa baƙin haka. Amma in za a ƙera, to da bakinku za a auna ta. Ku sa maganar a ajandar taronku na gaba, ku fitar da mutum uku da za su riƙe littafin. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai kayanmu lafiya.